Zowa ta daina yaɗuwa tun da bazara ta kama, ina mafita?

Abban Sadik:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni shiga harkar tankin ruwan gishiri. Ina zaune a Ƙofar Ƙaura a Katsina, tankina mai cin lita 120 ne. Tun cikin kaka na haɗa shi, na bar shi ya nuna kafin in sa wani abu mai rai. Da sanyi ya shigo na sa kifin kilawun guda biyu, daga baya aka kawo mini zowa, wata halittar teku dangin murjani mai kawuna kamar furanni, kala uku daga Legas, kowane ɓalli, wato ɗan yankin da aka ɓallo, da kawuna biyar zuwa bakwai. Lokacin hunturu suna buɗewa sosai, har ɗaya ta fara fidda 'yan ƙananan kawuna a gefe. Tun da zafi ya kama abin ya tsaya cik. Da safe su buɗe, kafin la'asar sun tsuke, koriyar cikinsu kuma ta fara koɗewa. Wani ya ce in ƙara haske, wani ya ce in sayi ruwan amino, wani ƙarin abinci na murjani. Kafin in fidda kuɗi ina son jin ta bakinku.

Mubarak Daura:
Wa alaikumus salam Yaya. Ba mu lambobi tukuna. Zafin ruwan nawa ne da asuba, nawa ne da la'asar? Gishiri nawa, kuma da me kake aunawa? Sinadaran da ake aunawa a ruwan fa, naitiret, fosfet da alkaliniti? Sannan yaya kake cike ruwan da ya ƙafe?

Abban Sadik:
Da asuba 26 ko 27, da la'asar yana kai 30, jiya na ga 31. Gishiri da ma'aunin roba mai allura nake dubawa, yana yawo tsakanin 1.025 da 1.028. Naitiret sifili. Alkaliniti 8. Fosfet ba ni da abin auna shi. Ruwa na burtsatse ne amma ta injin RO, mai cire ma'adinan cikin ruwa, nake tace shi. Cikewa kuwa, in na ga ya sauka sosai nake zuba jarka guda, kamar duk bayan kwana biyu ko uku.

Mubarak Daura:
To Yaya, ka ajiye maganar amino da ƙarin haske. Amsarka tana cikin abin da ka rubuta. Bari Malama ta zo ta yi bayanin zafin, ta fi ni iya shi, ni zan yi na gishiri. Tankin lita 120 in ka cire duwatsu da yashi, ruwan ciki bai fi lita 100 ba. A bazarar nan tamu iska busasshiya ce, tanki buɗaɗɗe yana iya ƙafe lita uku a yini. Ruwa ne ke tashi, gishiri yana nan bai je ko'ina ba. In lita goma suka tafi, ruwan da gishirinsa yake kashi 35 cikin dubu ya koma kusan 39. Sai ka zo ka juye jarka, cikin minti biyu ya dawo 35. Halittar da jikinta kusan duk ruwa ne, kullum tana cikin gyara gishirin jikinta, ina za ta samu ƙarfin haihuwa? Ana so ya zauna a 35, wato 1.026, ya tsaya nan.

Malama Hadiza:
Sannunku. Abban Sadik, abin da za ka fara riƙewa shi ne zowa dabba ce, dangin su anemoni da murjani, ko da yake ido yana ganin ta kamar fure. A cikin naman jikinta akwai wasu ƙwayoyin gansakuka masu ƙanƙanta, masana suna kiran su zuzanteli. Su ne suke karɓar haske su haɗa abinci, su ba ta kaso mafi yawa, ita kuma ta ba su mafaka da abin da take fitarwa na ƙazanta, wanda su taki ne a wurinsu. Wannan zaman tare yana tafiya daidai ne a ruwa mai zafin 24 zuwa 27. In zafi ya haura, haske kuma yana dukan su, ƙwayoyin sai su fara fidda abubuwa masu ƙona naman dabbar, ita kuma ta kore su daga jikinta. Koɗewar da kake gani ke nan. Shi ne abin da ya faru da babban shingen murjani na Ostareliya a 2016 da 2017, inda ƙarin zafi kaɗan a kan na rani da suka saba, da ya ɗauki makonni, ya farar da murjani mai yawan gaske. Don haka wanda ya ce ka ƙara haske, da niyya mai kyau ya faɗa, amma a wannan yanayin zai ƙarasa ta ne. Ni da zan ba ka shawara, ka rage hasken kaɗan, ka sauko da koriyar ƙasa kusa da yashi har zafin ya daidaita.

Abban Sadik:
Allah ya saka da alheri Malama. Yanzu na gane abin da ya sa da safe suke buɗewa.

Injiniya Lawal:
Magana ɗaya ce, a sayi cila. Duk wanda zai riƙe murjani a garin da Afrilu ke haura digiri 40, ya sa kuɗin injin sanyaya ruwa cikin lissafi tun kafin ya sayi gilashi. Na lita 100 zuwa 150 ƙarami ya isa, mai ƙarfin doki ɗaya bisa goma. A ajiye shi inda iska ke ratsawa, don zafin da ya zare daga ruwa cikin ɗaki yake zubar da shi, in ka kulle shi cikin kabad ɗin tanki ka yi aikin banza. Ko kuwa a sa tankin a ɗakin da esi ke aiki da rana. Sauran duk dabaru ne na wucin gadi.

Mubarak Daura:
Injiniya, da girmamawa, ban yarda ba. Nawa tankin a Daura yake, zafinmu bai gaza na Katsina ba, kuma ba ni da cila. Fankar kwamfuta biyu na ɗaura a bakin tanki suna hura saman ruwa, na haɗa su da na'urar da ke kunna su in ruwa ya kai 26.5. Hikimar randa ce kawai. Ruwan da ke tsatsafowa ya ƙafe shi ke sanyaya na ciki, kuma busasshiyar iskar da muke kuka da ita ita ce ke sa abin ya yi aiki a nan fiye da Legas. Lita ɗaya in ta ƙafe tana tafiya da zafin da ya isa ya sauke lita 100 da wajen digiri biyar zuwa shida. Fankokin nan biyu ba su cin wat goma. Sharaɗin kawai, dole ka haɗa da na'urar cike ruwa mai aiki da kanta, wadda in ruwa ya sauka kaɗan za ta ɗiga na RO ta tsaya. In ba haka ba ka gyara zafi ka ɓata gishiri.

Injiniya Lawal:
Mubarak, lissafinka daidai ne a Maris da Afrilu. Ina jiran ka a ƙarshen Mayu da Yuni, lokacin da iskar damina ta fara shigowa, hadari yana haɗuwa yana watsewa, laima ta cika gari amma zafi bai sauka ba. A wannan gumin ruwa ba ya ƙafewa yadda kake so, fanka tana juyi ne kawai. Kuma gidajenmu na bulo da kwano suna riƙe zafi har tsakar dare. Murjani ba ya buƙatar wata guda kafin ya lalace, kwana uku a 31 sun isa su yi ɓarna.

Mubarak Daura:
Wannan gaskiya ne, a lokacin nawa yana taɓa 28.5. Amma zowa ba irin murjani masu ƙashi ba ce, tana jure 28 in ba hawa da sauka ake mata ba. Kuma cila in wuta ta ɗauke fa? Kwamfuresa ce, tashinta yana jan wuta da ƙarfi, ba kowace inbata ce za ta ɗauka ba. Mutum ya sayi cila ya dogara da ita, a ɗauke wuta ƙarfe ɗaya na rana, ya koma inda ya fito. Fanka kuwa ko ƙaramin batir yana riƙe ta yini guda.

Injiniya Lawal:
Shi ya sa ban ce a jefar da fanka ba. Fanka ta yi aikin yau da kullum, cila ta tsaya a bayanta a saita ta a 27.5, ta riƙa tashi jefi-jefi. Da rana ake bukatar ta, da rana kuma sola ke bayarwa. Wanda bai da hali ya fara da fanka, amma ya san iyakarta.

Abban Sadik:
Ni dai a yanzu fanka da na'urar cikewa nake da halinsu. Tambaya: ƙanƙara fa? Ana sayar da ita a bakin layinmu.

Mubarak Daura:
Sai dai ranar gaggawa. Kuma ba ta leda ba, don ledar tana yoyo kuma ba ka san ruwan da aka daskarar ba. Ka cika gorar roba da ruwan RO ka daskarar, ka rufe ta gam, ka sa ta yi iyo. Amma ba hanyar kullum ba ce, tana faɗar da zafi da sauri ya sake tashi da sauri.

Yaya Kabir:
Ina biye da ku daga Legas. Akwai dabara guda da ba a ambata ba: ka juya lokacin fitila. Zowa ba ta san agogo ba, abin da ta sani shi ne awa takwas zuwa goma na haske a lokaci ɗaya kullum. Ka kunna bayan la'asar sakaliya ka kashe wajen tsakar dare, ka ga zafin fitila bai haɗu da na tsakar rana ba, kuma lokacin kana gida ka more kallon abinka. Ka dai matsar da lokacin a hankali, awa guda duk kwana biyu, ka sa labule kada rana ta faɗo kan gilashin.

Injiniya Lawal:
Sai dai hakan ya mayar da fitila kan batir. A duba ƙarfinsa tukuna. Kuma tunda an zo nan, in wuta ta yi ƙaranci ga jerin abin da za a ba fifiko: injin kaɗa ruwa farko, fanka ta biyu, fitila ta ƙarshe. Murjani yana kwana biyu ba haske bai mutu ba. Amma ruwa mai ɗumi ba ya riƙe iskar shaƙa da yawa, in ya tsaya cak cikin 'yan awoyi kifi zai fara haki a sama. Injin kaɗa ruwa mai aiki da batir kai tsaye shi ne abin da ba na yarda a yi tanki babu shi a ƙasar nan.

Baba Alhaji:
Yarana, ina karanta ku tun ɗazu. Ni tarwaɗa nake kiwo a Daura shekara da shekaru, in ta girma in sayar in ci abinci. Wannan abin naku ba a ci, ba a sha, ga cin wuta ga cin ruwa, kuma daga teku aka rabo shi aka kawo shi bakin hamada. Ku fahimtar da ni amfaninsa. Na kuma ji an ce injin tace ruwan naku yana zubar da fiye da abin da yake bayarwa, alhali mutane na bin 'yan garuwa.

Malama Hadiza:
Baba, Allah ya ƙara girma. Maganarku ta ruwa gaskiya ce, ƙananan injinan RO na gida suna fidda lita uku zuwa huɗu kafin su ba da lita ɗaya tatacciya. Amma wanda suka fitar ba najasa ba ne, ruwa ne mai ɗan yawan ma'adini. Ni a duro nake tara shi, a yi wanki da shara da ban-ruwan zogale. Wanda ya bar shi yana bin kwata ya yi almubazzaranci, ba na kare shi. Amfani kuwa, ni malamar kimiyyar halittu ce, yawancin ɗalibaina ba su taɓa ganin teku ba. Ranar da na nuna musu bidiyon zowata tana rufe baki a kan ɗan abinci, tambayoyin da suka yi mini sun fi na zango guda. Kuma da yawa daga zowar da ke hannun masu kiwo yanzu a tanki ake yaɗa ta, daga hannu zuwa hannu, kamar yadda ake raba irin shuka. Wanda ya iya riƙe ta ya rage masu ɗebowa daga teku.

Baba Alhaji:
To madalla ɗiyata. Shi ne murjanin da iyayenmu mata ke sawa a wuya?

Malama Hadiza:
Dangi ne na nesa, Baba. Na wuya jan murjani ne da ake cirowa daga Bahar Rum, ƙashinsa mai tauri ake gogewa a huda. Zowa ba ta gina ƙashi sam, nama ce shimfiɗe a kan dutse, sababbin kawuna suna tsirowa daga shimfiɗar. Shi ya sa ma, Abban Sadik, kada wani ya sayar maka da kwalaben kalsiyam. Canjin ruwa kashi goma cikin ɗari duk mako ko mako biyu da gishirin tanki mai kyau ya ishe ta. Alkaliniti 8 ɗinka lafiya lau ne, ka bar shi.

Baba Alhaji:
Na ji. Amma ku sani duk mai rai da ka tsare, haƙƙinsa yana wuyanka. Wanda ba zai iya ba shi sanyin da yake so ba, kada ya sayo shi.

Anti Binta Nas:
Kafin a wuce, akwai abin da ya fi zafi da gishiri muhimmanci kuma ban ga an taɓo shi ba. Abban Sadik, sunanka ya nuna akwai yaro a gidan. Wasu daga cikin dangin zowa, musamman manyan nan masu launin ƙasa-ƙasa ko kore da ake kira Palythoa, suna ɗauke da guba mai suna falitoksin, tana cikin mafi ƙarfin gubar da aka sani a halittun ruwa. A 1971 wasu masana biyu, Moore da Scheuer, suka fara tace ta daga wadda aka samo a Hana, tsibirin Maui na Hawai, inda mutanen wurin tun da can suke shafa ta a bakin mashi. Ba ta da makari. A asibiti sai dai a tallafa wa numfashi da ƙoda har jiki ya fidda ta. Kuma ido ba ya bambance mai guba da marar guba, don haka duka a ɗauke su a matsayin masu ita.

Tana shiga ta rauni a fata, ta ido, ta baki, mafi muni ta numfashi. Da yawa daga waɗanda aka kwantar a ƙasashen waje, dutsen tanki suka tafasa ko suka zuba masa ruwan zafi ko suka kankare shi da buroshi don su kashe abin da ke kai, tururin ya cika gida, iyali gaba ɗaya suka kwanta, har da karnuka da kyanwoyi. Na damu da wannan ƙwarai saboda mu nan in ana son tsabtace abu, tafasasshen ruwa ake fara nema. Kada a yi. Kada kuma a shanya dutsen a tsakar gida inda yara da kaji ke yawo. Dutsen da za a yar, a nutsar da shi cikin ruwan bilic a waje, a rufe, sannan a ƙulle a leda.

In za ka taɓa su: safar hannu doguwa, tabarau mai rufe ido, baki a rufe, don suna tsartuwa in an matsa su. In za ka yanka, ka yanka a cikin ruwa, a kwano na musamman da ba ya komawa kicin. Alamomin da za a lura da su: ɗaci ko ɗanɗanon ƙarfe a baki, zazzaɓi da rawar sanyi, tari da ƙuncin ƙirji, ciwon jijiyoyin nama, fitsari ya yi duhu. Kun ga da yawansu sun yi kama da maleriya, nan ne hatsarin yake a wurinmu. Ka rubuta sunan gubar da na dabbar a takarda ka manna a jikin kabad, in wani abu ya faru a tafi asibiti da takardar. In ta shiga ido, a wanke da ruwa mai yawa na tsawon lokaci a tafi wurin likitan ido a ranar.

Baba Alhaji:
Subhanallahi. Ashe guba kuke ajiyewa a falo?

Anti Binta Nas:
Baba, in tana cikin ruwa ba a taɓa ta ba, ba ta cutar da mai kallo. Ni ma ina da ita. Amma murfi mai raga da kabad mai makulli wajibi ne a gidan da ke da yara, kuma ban yarda a bar yaro ya sa hannu a tanki ba ko da wasa.

Abban Sadik:
Na gode Anti. Safar hannu ina da ita, tabarau zan nema yau. Kabad ɗin ma zan kira kafinta ya sa masa makulli.

Yaya Kabir:
Mu koma kan naitiret ɗinka da ka ce sifili. Da yawa suna murna in sun ga haka, alhali ga zowa yunwa ce. Ƙwayoyin da Malama ta yi bayani taki suke so. Zowa ta fi yaɗuwa a ruwa mai naitiret 5 zuwa 10, fosfet kuma 0.03 zuwa 0.1. Kifi biyu a lita 120 ba su fidda ƙazanta mai yawa, in kuma kana da injin kumfa, mai kwashe ƙazantar ruwa, yana aiki dare da rana, ɗan abin da ya rage ma ya kwashe. Ka ƙara wa kifin abinci kaɗan, ka nemi ma'aunin fosfet. In duka biyun suka zauna a sifili, akwai wata majina mai ruwan ƙasa da kumfa a jiki da ke mamaye tanki, dino ake ce mata, fidda ta wahala ne, kuma in ta rufe zowa ba ta buɗewa.

Amma kada ka yi duka a mako ɗaya. Zafi da gishiri tukuna. In sun zauna, sannan abinci. In ka canza abu biyar tare, ko ta gyaru ko ta lalace ba za ka san dalili ba.

Mubarak Daura:
Ƙari a kan na Yaya Kabir, ka leƙa su da dare da tocila bayan fitila ta mutu. Akwai wani ɗan mitsitsin dodon koɗi marar ƙoƙo mai geza a baya, yana cin zowa ya ɗauki launinta, sai ka zura ido sosai za ka gan shi. Ƙwansa fari ne a naɗe a jikin kara. Akwai kuma mai ƙoƙo zagayayye mai zanen baƙi da fari, shi da hannu ake cire shi. In ka ga ɗigo-ɗigo fari ko rawaya a karan, wannan ƙyandar zowa ce, maganinta daban. Ban zaci su ne matsalarka ba tunda duka ukun suke rufewa lokaci guda, ƙwaro kuwa yakan fara da guda. Amma dubawa ba ta cin kuɗi. In ka samu, a tsoma ɓallin a ruwan tanki da aka ɗiga wa aidin na murjani, a kankare ƙwan da tsinke a cikin ruwa, a maimaita bayan 'yan kwanaki don maganin ba ya kashe ƙwai. In ba ka ga komai ba kada ka tsoma su, a gajiye suke.

Maman Ilham:
Ni tambaya gare ni ga Abban Sadik. A falon ana turaren wuta? Ana fesa maganin sauro ko kunna igiya?

Abban Sadik:
Turare kullum da yamma. Feshi kuma yanzu da sauro ya yi sauƙi ba sosai ba, amma da damina kusan kowane dare.

Maman Ilham:
To a kula. Maganin feshin nan yana kashe kifi da jatan lande da ƙananan halittun ruwa ko da kaɗan ne ya sauka, kuma yanzu za ka sa fanka tana tura iskar ɗakin kai tsaye kan ruwa, injin kumfa shi ma iskar ɗakin yake zuƙa. Ni na hana feshi a ɗakin da tankina yake, raga na sa a taga. Turare kuma ba sai an yi rigima da uwargida ba, a kai kaskon ɗaya ɗakin, ko a buɗe taga a kashe fanka da injin kumfa har hayaƙin ya fita. Ka ajiye gawayin tacewa a cikin tanki kullum, kana canza shi. Haka man shafawa da turaren jiki, a wanke hannu har gwiwa da ruwa zalla kafin a sa safar. Kuma kada wani abu na jan ƙarfe ya taɓa ruwan, ko waya ko kan famfo, ko maganin kifi mai jan ƙarfe a ciki. Masu tarwaɗa ba su damu da wannan sosai ba, amma murjani ba ya ɗaukar sa.

Injiniya Lawal:
Wannan batu na fanka da feshi ban taɓa haɗa su a raina ba. Hajiya kin kawo magana.

Abban Sadik:
Salam 'yan uwa, na dawo da rahoto. An ɗaura fanka biyu da na'urar cikewa, fitila ta koma yamma, na rage ƙarfinta, koriyar tana ƙasa. Yanzu da asuba 25.5, mafi zafin da na gani 27.5. Mubarak ya shigo Katsina ya zo da rifraktomita, wata na'urar auna gishiri, muka daidaita ta da ruwan gwaji na 35, sai ga shi ma'aunin robana yana nuna ƙasa da gaskiya, ruwan ya kai 1.029. Mun sauko da shi sannu-sannu cikin kwanaki, ana ɗibar kaɗan ana mayar da na RO. Biyu suna buɗe yini guda yanzu. Koriyar tana buɗewa amma har yanzu a koɗe take, kuma ban ga sabon kai ko ɗaya ba. Da tocila ban ga ƙwaro ba. Jarkar lita ashirin ba ta kai mako.

Malama Hadiza:
Alhamdu lillahi. Launi yana ɗaukar makonni kafin ya dawo, wani lokaci wata biyu, don ƙwayoyin da suka rage ne za su hayayyafa su cika ta. Sabon kai kuma sai bayan nan. Yanzu abin da za ka yi mata shi ne ka daina matsar da ita. Duk ɗagawa da sauke ta sabon haske ne da sabon kaɗawar ruwa da za ta sake sabawa da su. Ka duba dai ruwa yana ratsa ta yadda gezar bakin ke motsi a hankali, datti ba ya kwanciya tsakanin kawunan.

Yaya Kabir:
Yanzu ka fara ƙarin abincin. Kuma kada ka yi odar sabuwa daga nan sai damina ta zauna. Ɓalli a leda, a bayan mota ko a ɗakin kaya, tafiyar fiye da kilomita dubu a wannan zafin, ko ta iso da rai ta jigata. In lokaci ya yi a sa ta cikin kula, a biyo jirgi, wani ya tsaya ya karɓa nan take. Ka kuma bar masu tsadar nan irin su Utter Chaos tukuna. Eagle Eye da ire-irenta masu araha sun fi haƙuri, sun fi saurin rufe dutse.

Injiniya Lawal:
Ina taya ka murna, amma maganata ta Yuni tana nan. Ka riƙa rubuta zafin la'asar kullum a littafi. Ranar da ka ga 29 kwana biyu a jere ka kira ni, akwai cilar da na karɓa gyara mai ita ya bar gari ya ce in sayar, sai mu gwada ko inbatarka za ta ɗauka. Kuma ka tanadi hita tun yanzu, a Disamba da Janairu fankar nan kashe ta za ka yi, daren hunturu yana iya sauke tankin ƙasa da 23.

Mubarak Daura:
Yaya, tawa Eagle Eye ta cika dutsenta har tana hawa gilashi. In ruwa ya sauka gari ya yi sanyi zan yanko maka kawuna goma, in manna su a ɗan dutse su warke a wurina mako biyu tukuna. Daga Daura zuwa Katsina a kula ba abin da zai same su, kuma sun saba da irin ruwanmu da zafinmu. Anti Binta, ke ma kina so, in haɗa da naki?

Anti Binta Nas:
Haɗa da nawa. Ka sa tabarau in za ka yanka, kuma ka yi shi bayan yaran gidanku sun tafi makaranta.